Mai Nakiya Ba Ya Gudu

Mai karatu, in dai kai ma'abocin finafinan Amurka da na Indiya ne, na san ka haddace fitowar nan kamar karatun allo. Bos ya dasa bom a ƙarƙashin gada ko a cikin jirgin ƙasa, agogo ya na ƙirgawa da jajayen lambobi, jarumi ya durƙusa da filaya a hannu, gumi na ɗiga daga haɓar sa, budurwar sa kuma ta na gefe ta na rusa kuka. Jar waya zai yanke ko shuɗiya? Sai saura sakan ɗaya tal ya runtse ido ya datse, agogo ya tsaya cak, gidan kallo ya kaure da tafi da fito. Fitowar ma ta na da ƙanwa: jarumi ya cilla ashana ta bayan kafaɗa, ya ƙwama baƙin tabarau, ya taho ya na takun ƙasaita, duniya ta kama da wuta a bayan sa, amma ko waiwaye bai yi ba, ko gashin kan sa bai motsa ba.

Ni ma ina son su, kada ka ɗauka wa'azi zan yi maka. Sai dai na tashi a gidan da akwai mutumin da ke ciyar da iyalin sa da aikin nakiya, kuma duk sanda irin wannan fitowa ta zo, tsaki ya ke ja ya ɗauki buta ya fice. Kawu na ne, ƙanen mahaifiya ta, wanda ya yi shekaru ya na harba nakiya a wuraren fasa dutse na hanyar Kachia, can wajen Kujama. Abokan aikin sa bilasta su ke ce masa. Wata rana na tare shi na ce, “Kawu, wai me ke ba ka haushi ne? Fim ne fa.” Ya ce, “Ɗan nan, wanda ya tsaya kusa haka, kafin wuta ta zo gare shi iska ta riga ta fasa masa dodon kunne da huhu. Sannan ina duwatsun? Ina ƙarafan? Su ba su san shi ne jarumi ba.”

Mu 'yan ƙetaren kogi, wato daga Kakuri da Makera zuwa Barnawa, Narayi da Sabon Tasha, mun daɗe mu na maƙwabtaka da abin fashewa ba tare da mun cika tunawa ba. Idan aka ce Kakuri, masaƙu ne ke fara zuwa a ran mutum, irin su KTL da aka buɗe a 1957 ta kuma rufe a 2002. To amma a nan Kakuri ɗin ne masana'antar ƙera makamai ta ƙasa, DICON, ta ke zaune tun 1964, lokacin da aka kafa ta da taimakon kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma. Bayan wannan, garin kan sa a kan dutse mai tauri ya ke. Duk dakin ɗin da ka ga an zuba a sabbin unguwanni, duk kwalbati, duk gada, duk tifar tsakuwa da ta ƙetare ka a Command Junction ta bule ka da ƙura, to akwai wani mutum da ya tsaya a kan fa da sassafe ya tsara yadda za a farfasa shi. Guduma da ƙona taya a kan dutse, irin na mata da samarin da ke fasa tsakuwar hannu, ba za su gina birni ba.

Sunan abin ma abin dariya ne. Ke uwargida mai karatun littattafan soyayya, idan aka ce nakiya, gara ce ke faɗo miki a rai, da alkaki da dubulan. Ɗaya nakiyar a kan kai ta gidan ango da guɗa, ɗayar kuwa sai da rakiyar 'yan sanda. Wadda mu ke magana a kai Alfred Nobel ne ya samu rajistar ƙirƙiro ta a 1867, shekara 3 bayan ruwan naitirogilisarin da ya ke gwaji da shi ya tashi ya kashe ƙanen sa Emil. Abin da ya yi shi ne ya jiƙa ruwan a cikin wata irin ƙasa mai tsotsewa, sai ya zama abin da za a iya ɗauka a ajiye ba tare da ɗan girgiza ya tayar da shi ba. A yau manyan wuraren fasa dutse sun fi amfani da wasu nau'o'in da aka yi da sinadarin amoniyam naitiret, ɗan'uwan takin zamani, amma a bakin mu duk nakiya ce.

To mene ne aikin bilasta? Idan ka bi shi yini guda da kyamara, wallahi mai editin zai yi kuka, domin kusan duk aikin awo ne da ƙirga da jira. Tun kafin a taɓa nakiya sai ya zaga dutsen, ya duba inda ya tsage, inda ruwa ke kwanciya, da inda fuskar sa ta kalla, saboda can ne zai zube. Shi zai auna tazarar rami da rami da zurfin kowanne, masu injin huda su huda, ya dawo ya bi su ɗaya bayan ɗaya da igiyar awo. Ramin da ya karkace ya matso kusa da bakin dutse, shi ne mai harba duwatsu sama kamar harsashi, don haka dole a rage masa kaya ko a bar shi. Sannan a zuba kaya daidai lissafi, a cike bakin ramin da ɓarɓashin dutse domin ƙarfin ya tsaya a ciki ya yi aiki, maimakon ya fito ta sama ya zama ƙara da ƙura kawai.

Sandar da a ke dannawa da ita ta katako ce ko roba, har abada ba ƙarfe ba. Akwai dalili, kuma dalilin ya na da suna. A ranar 13 ga Satumba 1848, a jihar Bamont ta Amurka, wani shugaban leburorin hanyar jirgin ƙasa mai suna Phineas Gage, ɗan shekara 25, ya na danna albarushi a rami da sandar ƙarfe, ƙarfen ya ƙyasta dutse, albarushi ya tashi, sandar ta shiga ta kumatun sa na hagu ta fice ta tsakar kai. Ikon Allah, bai mutu ba sai 1860, amma likitan sa ya rubuta cewa halin sa ya sauya har abokai su ka ce ba shi ba ne. Har gobe ɗaliban likitanci su na karanta labarin sa a darasin ƙwaƙwalwa. Kawu bai taɓa jin sunan Gage ba sai a baki na, amma da zai ga yaro ya kusanci rami da rodi, mari ne zai fara isa kafin bayani.

Wani abin da ya burge ni tun ina yaro shi ne, ramukan ba tare su ke tashi ba. Kunnen ka zai ji kamar ƙara ɗaya ce, alhali an jera su ne, tsakanin wannan da wancan ɗan jinkirin da bai kai ƙiftawar ido ba, ta yadda layin gaba zai zube ya ba na baya wurin faɗawa. Wannan jinkirin shi ke rage girgizar ƙasa da ke tsaga bangon gidajen maƙwabta. Ka ga kenan mai tsagaggen ɗaki a ƙauyen da ke kusa da wurin fasa dutse, sau da yawa ba yawan harbin ne matsalar sa ba, rashin iya tsara shi ne, ko kuma haɗama, a cusa kaya da yawa a tashi guda don a cika tifofi da wuri.

Sai lokacin harbi. Nan ne bilasta ya ke zama sarki, ko manaja ba ya ɗaga masa murya. A kafa jajayen tutoci, a tura masu tsaro kowace 'yar hanya, har wadda mai kiwo ke bi da shanu da wadda yara ke yankewa zuwa rafi, domin yawancin waɗanda harbin dutse ke raunatawa ba wuta ce ke taɓa su ba, dutse ne mai tashi ya ke samun wanda bai kamata ya na wurin ba. A busa jiniya. A ƙirga ma'aikata kai da kai. Makullin na'urar tayarwa ya na aljihun bilasta tun safe, ba ya ba kowa ajiya, ko zai shiga bayi. Idan hadari ya taso, irin na Kaduna da ke haɗuwa cikin minti kaɗan a watan Agusta, aiki ya tsaya, kowa ya bar wurin, saboda tsawa na iya tayar da abin da aka ɗana. Wayar hannu da rediyon oba-oba ma ba sa kusantar kan tayarwa mai aiki da lantarki. Kuma ko a zamanin da a ke kunna lagwani da hannu, doka ita ce ka yanke shi da tsawon da zai ishe ka tafiya a natse har maɓoya. Mai nakiya ba ya gudu, domin mai gudu shi ke tuntuɓe.

Bayan ƙara kuma ba a rugawa kallo. Hayaƙin nan mai launin ruwan goro guba ne, sai iska ta kwashe shi. Sannan mutum ɗaya ne zai fara shiga, shi kaɗai, ya duba ko kowane rami ya tashi, kafin ya ba da izinin busa jiniyar sallama.

Ramin da ya ƙi tashi, shi ne dodon wannan sana'a. An danna, sauran sun tashi, ɗaya ya yi shiru. Ba ka san ko ya mutu ba ne, ko kuwa wuta na tafiya a hankali a cikin sa. Ƙa'ida ta ce a jira, in da lagwani aka yi aiki aƙalla rabin awa, ba mai matsawa. Ka yi tunanin wannan rabin awar, mai karatu. Direbobin tifa sun yi layi su na danna hon, ɗan kwangila na waya daga gari, manaja na duba agogo, rana na dukan ƙeya, kowa na kallon mutum guda ya na jiran ya ce a shiga, shi kuma ya zauna a kan dutse ya ce a'a. Lokaci ya cika, ya miƙe ya tafi shi kaɗai. Ba a tona ramin da ƙarfe, ba a sake huda shi, kuma ba a barin sa a tafi gida, domin gobe mai katafila zai kai haƙori wurin bai sani ba. Na kalli finafinan bom ba adadi, ban ga fitowar da ta kai wannan zaman jiran tayar da hankali ba, kuma ban ga wanda ya ɗauke ta ba.

Da yamma kuma sai littafi. Ɗakin ajiyar nakiya magazin su ke ce masa, sunan da ya sa na daɗe ina yi wa Kawu tsiya cewa ashe duk aikin mu ɗaya. A na gina shi nesa da gidaje, nakiya ɗakin ta daban, kan tayarwa ɗakin sa daban, ba sa kwana tare, ba sa hawa mota tare. Abin da ya fita da safe a rubuce, abin da aka harba a rubuce, abin da ya dawo a rubuce, kuma dole lissafi ya haɗu ko da ƙwaya ɗaya ce. Tun 1964 Nijeriya ta yi dokar abubuwan fashewa, aka biyo da ƙa'idojin ta a 1967. Sashen sufetocin ma'adinai na gwamnatin tarayya ke ba da lasisin saye da ajiya da takardar shaidar harbi, ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro kuma ya na da tasa takardar kafin kaya su shigo. Kawu kan dawo gida da ciwon kai mai tsanani ranar da ya yi mu'amala da tsohuwar nakiya, domin sinadarin ta na ratsa fata ya buɗe jijiyoyin jini, amma ban taɓa ganin ciwon kan ya hana shi zama a tabarma da biro ya na bin lissafin nan ba.

A da na ɗauka tsabar tsantseni ne irin na mutanen da. Sai ga shi a Nuwamba 2014 'yan Boko Haram sun shiga kamfanin siminti na Ashaka a Jihar Gombe, ba siminti su ka je nema ba, nakiyar fasa dutse su ka loda a motoci. Sai kuma daren 16 ga Janairu 2024, unguwar Bodija a Ibadan, unguwar manya, ta tashi. Gwamna Seyi Makinde ya ce masu haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba ne su ka tara abin fashewa a gidan zama. Mutum 5 su ka rasu, 77 su ka jikkata, gidaje su ka zama kufai. Ƙwayar da ta ɓace a littafin wani, a irin waɗannan wurare ta ke ɓullowa.

Akwai kuma ɓangaren aikin da ya fi kowanne rashin godiya, wato lalata kayan da su ka tsufa. Abin fashewa ba ya tsufa da mutunci. Ya na daɗewa ya na ƙara saurin fushi. Manyan mu na tuna 27 ga Janairu 2002, ranar da rumbun makamai na barikin Ikeja ya tashi, sama da mutum 1,000 su ka mutu, akasarin su a ruwan Oke-Afa su ka nitse wajen gudu cikin duhu. A Bairut ta Lebanon, tan 2,750 na amoniyam naitiret ya yi kusan shekara 6 a sito a bakin teku, kowa ya sani, ba wanda ya kwashe, har ya tashi ranar 4 ga Agusta 2020 ya kashe sama da mutum 200. Mu ma a nan mun ji namu ranar Asabar 20 ga Satumba 2025, lokacin da ƙara ta girgiza Kakuri da Kurmin Gwari daga cikin DICON. Sanarwar da masana'antar ta fitar ta ce ƙwararru na cikin aikin lalata ragowar kayan da wa'adin su ya ƙare ne abin ya faru. An rasa rai, wasu sun kwanta a asibiti. Allah ya jiƙan wanda ya rasu. Mu da ke kwana a zagayen katangar nan ya kamata mu fi kowa sanin cewa aikin da ya ci shi, aikin raba mu da irin ta Ikeja ne.

Masoya finafinan yaƙi za su ce ai Amurkawa sun yi wa masu kwance bom fim, The Hurt Locker na 2008, wanda ya ci Oska 6 a 2010, har Kathryn Bigelow ta zama mace ta farko da ta karɓi kyautar darakta. Fim ne mai kyau, ban musa ba, ɗaukar sa da sautin sa sun kai. To amma jarumin sa, Saje James, mutum ne mai tuɓe rigar kariya ya jefar da na'urar magana don ya nuna shi namiji ne, kuma tsofaffin sojojin da su ka yi aikin a Iraƙi sun fito sun ce mai irin wannan hali ba zai daɗe a cikin su ba. Mu 'yan Kaduna ba ma buƙatar a faɗa mana. Ranar 14 ga Fabrairu 2012, a Unguwar Sarki, Saje Sunday Badang na sashen kwance bom na 'yan sanda ya tunkari wata leda da aka yasar bayan fashewar farko, babu rigar kariya a jikin sa, jama'a na tsaye su na ɗauka da waya. Ya leƙa, ta tashi da shi. Ina ɗan sakandare lokacin, hoton ya zaga wayoyi ta bulutut kamar tallar sabon fim, yara na kallo su na maimaitawa. Kawu ya ƙi kallo. Abin da kawai ya tambaya shi ne, ina kayan aikin sa, kuma wa ya bar mutane su ka matso haka?

Yanzu bari in juyo gida, domin dalilin rubutun kenan. Industiri ta fara gajiya da soyayyar falo da lambu, matasan daraktoci na son harbe-harbe da tashin motoci, musamman a finafinai masu dogon zango na YouTube. Madalla. Sai dai masu wannan harka a duniya ba da ka su ke yin ta ba. Lokacin da David Lean ke ɗaukar The Bridge on the River Kwai a Silon, wato Siri Lanka ta yau, a Maris 1957, an gina gada ta gaske, an ɗana nakiya, jirgin ƙasa ya taho, firayim ministan ƙasar na zaune ya zo kallo. Mai kyamara ɗaya bai kai ga maɓoya ba, sai aka fasa harbin. Jirgi ya wuce ya je ya yi karo, aka kwana a na gyara, washegari aka sake. An ji kunyar baƙo, an yi asarar kuɗi, ba a rasa kowa ba. Sergio Leone kuwa, a The Good, the Bad and the Ugly na 1966, rashin fahimtar kalmar umurni a oba-oba ya sa aka tashi gadar sa kyamarori ba su fara ɗauka ba, sai da sojojin Sifen su ka sake gina ta. Wannan ta ƙare da dariya. Wadda ba ta ƙare da dariya ba ita ce ta 23 ga Yuli 1982, wajen ɗaukar Twilight Zone a Kalifoniya, inda aka tayar da wuta jirgi mai saukar ungulu na ƙasa-ƙasa, ya rikito ya kashe jarumi Vic Morrow da yara biyu, ɗan shekara 7 da 'yar shekara 6, waɗanda doka ma ba ta yarda su yi aiki a wannan tsakar daren ba.

Abin da na ke roƙon furodusoshin mu ba mai yawa ba ne. In labari ya buƙaci fashewa ta gaske, a nemo mai takardar shaida, a sanar da 'yan sanda, a sa kuɗin sa a kasafi kamar yadda a ke sa na mai kwalliya da na mai abinci. Ba a Legas su ke ba, su na nan hanyar Kachia, kuma Kadpoly na da sashen da ke koyar da aikin haƙar ma'adinai. Idan ya zo, a ba shi ikon cewa a'a, ko da darakta ya ce rana za ta faɗi. In kuwa babu kuɗin, a bar wa kwamfuta, gara 'yan kallo su yi mana dariya.

Na faɗi haka ne saboda abin da na gani da ido na a wani lokeshin, a wani fili bayan unguwa a nan ƙetaren kogi. Za a tashi motar bos. Kayan aikin su ne fetur a leda, da nokawut irin na Kirsimeti, da tsohuwar taya a ƙarƙashin wata ruɓaɓɓiyar mota. Wanda aka ɗora wa aikin yaron da ke riƙe fitila ne, don an ce ba shi da tsoro. Yaran unguwa sun yi da'ira, tsakanin su da motar bai fi taku goma ba. Aka ce akshin, aka kunna, shiru. Darakta ya daka tsawa, “Kai, je ka duba mana, batir na ƙarewa!” Kafin wani ya buɗe baki yaro ya ruga ya sunkuya, wuta ta yi bal ta lashe masa hannu da gira. Aka naɗe hannun da ɗankwalin wata jaruma, aka ɗora shi a acaɓa zuwa kemis, aka ci gaba da shutin.

Da fim ɗin ya fito na zauna na ƙirga tsawon fitowar: sakan 4. Kuma a wajen editin sai da su ka ɗora wutar kwamfuta a kai, wai ta gasken ba ta yi kyau a kyamara ba.